Hannun da Ya Toshe Ramin Zuma

Ranar wata Laraba, bayan la'asar, mahaifiyata Mma Alimatu ta aike ni Sagnarigu in ɗauko wata mata da ake ce wa Anti Zakiya. Aikinta shi ne kwashe ƙudan zuma daga bangon gida da ransu, ta kai su gonarta. Na rufe shagona na gyaran babur a Aboabo, na kama hanya. Ban so zuwa ba. Amma da na ƙi, Mma za ta tambayi dalili, ni kuwa dalilin ne ba na so a taɓa.

A gidanmu akwai tsohon ɗakin kakana, ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti. Tun da ya rasu babu mai kwana a ciki, sai tarkace. A bangon bayansa, ta wajen lungu, akwai wata tsaga mai faɗin yatsu biyu. Ta nan zuman ke shiga da fita. Mma ta ce ranar da aka kawo ta gidan tana amarya ta same su a nan, kuma ba ta taɓa yarda wani ya taɓa su ba.

A makon da ya gabata ne matata Suhuyini ta haifa mana ɗan fari, Yazeed. Ranar Asabar, saura kwana biyu suna, ina tsaye a lungun da abokaina muna shawarar inda za a kafa rumfa, sai ɗaya daga cikin zuman ya harbe ni a leɓe. Kafin minti goma leɓen ya tashi kamar ƙosai. Abokaina suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ɗayansu ya ɗauki hotona ya watsa a waya. Na je wa Mma da maganar jariri da baƙi, ta ce in bari a gama suna, ta san mai kwashe su ba tare da an kashe ko ɗaya ba.

Ban bari ba. Ranar Lahadi, da aka idar da sallar asuba, lokacin duk zuman suna ciki, na kwaɓa siminti a bokiti. Na cusa tsumman goge baƙin mai a cikin tsagar, na shafe da tafin hannuna, ina bubbugawa don ya zauna. Ko minti biyar ban yi ba. Na riƙa gaya wa kaina saboda jariri na yi. Saboda hoton nan ne.

Sai ranar Talata, bayan baƙi sun watse, Mma ta gani. Ta kira ni.

"Tahidu, wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni dai kamar na ga Tica Nortey a lungun nan da bokiti."

Tica Nortey ɗan haya ne a gidanmu, mutumin kudu, Kirista, malamin lissafi. Shekararsa goma sha ɗaya da mu. Shi ke karanta wa Mma takardun asibiti, shi ke tuna mata lokacin shan magani. Ɗakinsa na manne da na Kaka, kuma ya taɓa cewa zuman na shigo masa, shi ya sa ƙaryata ta zauna daram. Mma ta kira shi tsakar gida, ta ce ya nemi wani ɗaki kafin ƙarshen wata. Ya dube ni sau ɗaya. Hausar kasuwa yake yi, namiji da mace duk "ka" yake ce musu.

"To, Mma. Yadda ka ce."

Da yamma na ji shi yana jera littattafai a kwali.

Abin da na ɗauko a cikina ke nan har ƙofar Anti Zakiya. Gajeriyar mata ce, ta kusa sittin, jikinta na ƙanshin hayaƙi. Muka ɗaure akwatin katako a bayan babur, ta rungume jakar kayan aikinta, ta hau. A hanya ta sa bakinta kusa da kunnena saboda iska.

"Kwana nawa da rufewa?"

"Uku, Anti."

"Cikin wannan zafin? Wa ya yi?"

"Wani ɗan haya."

"Allah ya shirye shi."

Na ce amin.

Mun iso rana ta yi ja. An ɗauke wuta a unguwar, ko'ina hayaƙin gawayi da ƙanshin miyar ayoyo. Anti Zakiya ba ta ko sha ruwa ba, ta wuce lungu, ni da Mma muna biye. Ta manna kunnenta a jikin simintin. Ta daɗe a haka, idonta a rufe. Da ta ɗago, sai ta ja baya taki ɗaya.

"Akwai masu rai," in ji ta a hankali. Ta ƙara duban bangon. "Mma, wa ke kwana a ɗakin nan?"

"Babu kowa. Shekara ashirin."

Anti ta koma jikin bangon. Ta shafa simintin da ɗan yatsa.

"Da hannu ya shafe. Ga sawun yatsunsa nan. In gari ya waye za a gani sosai."

Na cusa hannun damana cikin aljihu. Sarƙar babur ta taɓa cinye mini rabin manuni, duk Aboabo an san hannun nan.

Ta ciro tocila, ta ɗaure bakin tocilar da jan ƙyalle, ta ce zuma ba ta ganin jan haske. Ta miƙo mini. Ta ce in shiga ɗakin in bi bangon da tafin hannu, inda na ji ɗumi in ƙwanƙwasa, don ta san iyakar saƙar kafin ta fasa.

"Bayan sallah," in ji Mma. "Ba a shiga kufai da magariba."

Aka fara kiran sallah. Suka shiga ciki yin alwala. Ya kamata in bi maza zuwa masallaci, amma hanyar ta gaban ƙofar Tica take, yana zaune a can kan kwali yana ɗaure takalmansa da igiya. Ban iya wucewa ta gabansa ba. Na juya, na tura ƙofar ɗakin Kaka, na shige. Ɓuya kawai na je yi.

Zafi ne ya fara tare ni, kamar na leƙa tanda. Sai wari. Zaƙi-zaƙi, tsami-tsami, irin na mangwaron da ya ruɓe a ƙasan buhu. A ƙarƙashinsa akwai wani warin, na abin da ya mutu.

Na kunna tocilar. Jan hasken ya faɗa kan tsofaffin tukwane, karyayyen gado, keken Kaka mara taya. Bangon baya ya jiƙe. Zuma na tsattsafowa daga jikinsa, tana gangarowa baƙa-baƙa har ƙasa.

Ban fara jin kukan da kunne ba. A haƙorana na ji shi.

Na ɗora tafin hannu a bangon. Da ɗumi, kamar goshin mai zazzaɓi. Na tsaya. Sai na ji ya ɗan taso ya taɓa hannuna, ya koma. Ya sake tasowa.

Na janye hannun.

A bayana ƙofar ta yi ƙara, a hankali, ta rufe. Babu iska ranar, ko ganye ba ya motsi.

Masallatai uku ke kiran sallah a kusa da mu. Duk suka ɗauke lokaci guda, kamar an toshe mini kunne da auduga.

Na koma ƙofar na ja. Ba ta motsa ba. Na laluba gefenta ina neman inda zan sa yatsa in ja. Yatsuna suka nutse cikin wani abu mai sanyi, mai laushi, mai tsakuwa-tsakuwa.

Ɗanyen siminti.

Daga waje na ji ana bubbugawa da tafin hannu. Tab. Tab. Tab. Ba gaggawa. Ana bin gefen ƙofar daga sama zuwa ƙasa. Na san wannan bugun. Na san inda zai tsaya ya ɗebo wani simintin, ya kuwa tsaya a nan.

"Wane ne?" Muryata ta fito ƙanƙanuwa.

Ɗan hasken da ke shigowa ta ƙasan ƙofa ya mutu.

Na juya da tocilar. Ƙudan zuma na fitowa ta wata ƙaramar tsaga kusa da rufi. Ba sa tashi. Rarrafe suke, layi-layi, suna taruwa a tsakiyar bangon. Suka yi dunƙule. Dunƙulen ya fitar da reshe ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar.

Hannu ne. Manuninsa rabi.

Kukan ya sauka ƙasa-ƙasa, ya yi kauri, ya fara rarrabewa. Ban san lokacin da ya zama magana ba. Muryar tsufa ce, ba ta namiji ba, ba ta mace ba.

"Wa ya rufe?"

Har yau in na tuna abin da na amsa, sai in ji kamar in haƙa rami in shige. Ina tsaye gaban hannuna, na ce:

"Ba ni ba ne."



Sai bangon ya yi magana da muryata. Tawa sak, har da ɗan tarin da na yi ranar Talata kafin in faɗa.

"Kamar na ga Tica Nortey da bokiti."

Ya maimaita. Ya sake maimaitawa.

Na buɗe baki zan karanta Ayatul Kursiyyu. Tun ina shekara bakwai na haddace ta. Ko kalmar farko ban samu ba. Bakina ya cika da ɗanɗanon baƙin mai da zaren tsumma, ana tura shi ciki, ana dannawa da yatsa.

Tocilar ta faɗi.

Karyayyen gadon Kaka ya yi ƙara, irin ƙarar da gado ke yi in mutum ya tashi daga kansa.

Taki ɗaya. Jan ƙafa. Wani takin.

Numfashi ya sauka a ƙeyata, mai ɗumi, mai ƙanshin kaki.

"Mu kwana uku," aka raɗa mini. "Kai nawa za ka iya?"

Na ja iska. Babu.

Na sake ja. Ƙirjina ya ƙi buɗewa.

Na faɗi kan gwiwa, ina yaƙushin ƙofar. Na so in ce ni ne. Wallahi a lokacin na so in faɗa. Leɓena kawai ya motsa.

Duhun ya fara yin fari-fari.

Sai wani abu ya daki ƙofar daga waje. Ya sake dukanta. A na uku katakon ya tsage, iska ta shigo, hannu ya damƙi wuyan rigata ya ja ni a ƙasa har tsakar gida.

Na kwanta ina haki kamar akuyar da aka kwance wa igiya. Da idona ya washe, fuskar da na gani a kaina ta Tica Nortey ce. Yana cikin singileti, kafaɗarsa na jini inda ƙusa ta yage shi.

"Tahidu! Yi numfashi. Yi numfashi, ɗan'uwa."

Sama ba ta ko gama duhu ba. A masallacin bakin titi liman bai kai ruku'u na biyu ba. Na dubi ƙofar. Babu siminti a jikinta ko ɗigo. Sakatar ciki ce a kulle, ta fita da guntun katako, ni kuwa ban taɓa sakatar nan ba. Na dubi hannuwana. Ƙarƙashin kowane farce akwai siminti, bai bushe ba.

Mutanen gida suka fito. Mma da carbi a hannu, Anti Zakiya, Suhuyini rungume da jariri, matan maƙwabta suna leƙe ta katanga. A lokacin na lura wandona ya jiƙe har gwiwa. Kowa ya gani. Suhuyini ta kawar da kai.

Na ɗaga hannun damana sama, yadda Mma za ta ga yatsan.

"Mma, ni ne. Ni na toshe. Tica bai taɓa bokiti ba."

Na zaci za ta mare ni. Da ta yi, da na ji sauƙi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta taka a hankali, da ciwon gwiwarta, ta je gaban Tica. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu, ta durƙusa a ƙasa gaban ɗan hayarta, ta kama ƙafarsa.

Tica ya rikice, ya durƙusa shi ma.

"A'a, Mma! Ka tashi, don Allah. Kai ba ka yi komai ba. Ka tashi."

Ina kwance cikin fitsarina ina kallonsu.

Anti Zakiya ce ta katse shirun. Ta jefo mini guduma, ta faɗi kusa da kaina.

"Wanda ya rufe shi zai buɗe. Tashi, ba su da lokacin jiran kunyarka."

Muka koma lungu. Ta kunna busasshen kashin shanu a cikin gwangwaninta na hayaƙi, ta sa mini hular raga. Kafin in ɗaga gudumar ta riƙe hannuna, ta fuskanci bangon, ta yi sallama da murya ƙasa-ƙasa kamar mai shiga gidan surukai.

"Salamu alaikum, masu gida. An yi muku laifi. Mun zo buɗewa."

Na fasa simintin. Na jawo tsumman. Na runtse ido ina jiran su rufe ni da harbi.

Abin da ya fito gawa ce. Suka riƙa zubowa ta tsagar kamar gero daga yagaggen buhu, suna taruwa a kan ƙafafuna, shuu, shuu, ba ƙarewa. Can sai masu ran suka fara fitowa, da rarrafe, jikinsu jiƙe da zumar da zafi ya narkar. Suka hau hannuna, suka bi yatsuna, suka tsaya a kan guntun manunin suna karkaɗa fiffike. Ko ɗaya bai harbe ni ba. Na yi ta jira, har na fara roƙo a zuciyata ko ɗaya ya yi.

Anti ta ce a bar su su sha iska, sai da safe.

Washegari da sanyin safiya ta yi aikinta, ni ina miƙa mata kaya, ba ta yi mini magana sai ta aiki. Ta cire bulo huɗu. Ta riƙa yanko saƙar da wuƙa, faifai-faifai, ta ware wadda ta narke, mai 'ya'ya kuma ta ɗaure ta da roba a jikin katakan akwatin yadda take a bango, sama a sama. Hannunta ba ya sauri. Wajen ƙarfe tara ta ce, "Alhamdu lillahi, ga uwar." Ta ɗauko sarauniyar da yatsu biyu, doguwa, ta sa ta a ɗan keji cikin akwatin. Ba a jima ba sauran suka juya suka bi ta, suna shiga da ƙafarsu. Ta bar akwatin a gindin bangon har yamma don na baya su samu shiga.

Matattun ni na share. Bokiti biyu. Mma ta ce ba za a zuba su a bola ba, na haƙa rami a gindin darbejiya na binne.

Da na mayar da Anti Sagnarigu, muna sauke akwatin na tambaye ta abin da ke ɗakin.

"Ni zuma na sani, ɗana. Amma bangon da zuma ta shekara hamsin a ciki, ban taɓa fasa shi ban yi sallama ba."

"Ya biyo su cikin akwatin?"

Ta ɗaga akwatin, ta jijjiga shi kaɗan kamar mai awo.

"Nauyin zuma kawai nake ji."

Mma ta roƙi Tica ya zauna, ta aika masa limamin unguwa ma. Ya yi godiya, ya ce ya riga ya samu ɗaki a Kaladan, kuma ya fi kusa da makarantarsa. Bai fi kusa ba, na san hanyar. Ranar tashinsa ni na riƙa ɗaukar kwalayen ina lodawa. A na ƙarshe na tsaya.

"Tica, yaya aka yi ka san ina ciki?"

"Ka kira ni mana. Daga cikin bango na ɗakina. Tica, Tica, buɗe."

"Ban kira kowa ba. Ba ni da numfashin kira."

Ya dube ni. "Muryanka ne," in ji shi. Ya gyara igiyar kwalin. "Ranar Lahadi ma na gan ka, ta taga. Kai da bokiti."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Mma ya samu jika, yana murna. In ce masa ɗanka maƙaryaci ne? Na ce Tahidu zai faɗa da kansa. Na jira Talata. Na jira Laraba." Ya ɗora mini kwalin a hannu. "Riƙe da kyau, akwai gilashi."

Yau wata takwas ke nan. Ba na iya zama a ɗaki in an rufe ƙofa, ko a masallaci bakin ƙofa nake tsayawa. Mma na amsa gaisuwata, tana karɓar abin da na kawo, amma takardun asibitinta yanzu Kaladan take aikawa a karanta mata. Tica har yanzu shagona yake kawo babur ɗinsa. Ya ce mini "Masta, sannu da aiki," ni kuma in yi ta kwance abin da bai lalace ba don kada in ɗago kai.

Ɗakinsa mutum biyu suka kama, babu wanda ya cika wata. Ba su faɗi dalili ba, ban tambaya ba.

Jiya ana kiran magariba ina shago, Suhuyini ta kira ni a waya. Tana magana ƙasa-ƙasa.

"Baban Yazeed, ka dawo gida ne?"

"Ina shago. Lafiya?"

"To ga muryarka nan a ɗakin Kaka."

Na ce ta ɗauki yaron ta shiga wajen Mma, kuma ko me ta ji kada ta amsa.

"Ai ba ni kake kira ba," in ji ta. "Tica kake kira."